Jatan Lande, Ƙaguwa ko Lobsta: Wanne Za Ki Saya Don Dafa-dukan Kayan Teku?

Girkin nan da gidajen abincin Abuja da Legas suke kawowa a ɗaure cikin leda, suna kiransa seafood boil, asalinsa abincin taro ne na jihohin kudancin ƙasar Amurka. A Luwiziyana da ƙananan halittun ruwan da suke kira crawfish ake yinsa, a gaɓar Karolina ta Kudu da jatan lande, a Merilan kuwa ƙaguwa ce sarauniyar teburi. Tukunya ɗaya ce babba, a zuba dankalin turawa da masara da albasa da tafarnuwa da yaji, kayan teku su shiga a ƙarshe, a tsame a juye a faranti kowa ya sa hannu. Dahuwar ba ta da wuya, uwargida, duk wadda ta iya dafa-duka za ta iya. Inda ake faɗuwa kasuwa ce, domin abin da kika sayo shi zai yanke hukuncin ko baƙinki za su tashi suna santi ko suna neman magani.

Zaɓina jatan lande ne mai ɓawo, daskararre, a kwalinsa na kamfani wanda ba a buɗe ba. Idan kuɗinki na abu ɗaya ne, shi za ki saya, ki ƙyale sauran.

Ɓawon nan da wasu ke ƙi shi ne rabin daɗin girkin. Yana ba romon ɗanɗano, yana riƙe yaji da bota, yana kuma kare tsokar daga zafin ruwa. Jatan lande minti 2 zuwa 3 yake buƙata a tafasasshen ruwa, daga nan a kashe wuta a bar shi ya jiƙu da romo. Wanda aka ɓare tun a kamfani ba ya jure wannan jiƙon, kafin yaji ya ratsa shi ya ƙanƙance ya yi tauri. Wanda aka riga aka dafa aka daskarar, mai launin ja tun a leda, kada ma ki kalle shi.

A jikin kwali za ki ga lamba irin 16/20 ko 21/25. Ma'anarta yawan ƙwayoyin da ke cikin fam ɗaya, wato giram 454, don haka ƙaramar lamba tana nufin manyan ƙwayoyi. Ni 16/20 nake saya, domin kilo ɗaya yana ba da ƙwaya 35 zuwa 44, kuma kowacce ta isa a ɓare a ji an ci wani abu. Na 21/25 ma ya yi idan taron da yawa. Daga 31/40 zuwa sama na soyayyar shinkafa ne, baƙi za su gaji da ɓara. Manya-manyan nan masu ratsi-ratsi a baya, waɗanda ake kira taiga, asalinsu na tekun Indiya da Fasifik ne, amma yanzu ana kama su a ruwan Najeriya, kuma suna da kyau ƙwarai a faranti. Sai dai tsadarsu ta fi amfaninsu a girkin taro. Ki sayi kaɗan ki jera a sama idan kina son ado. Lissafina kilo ɗaya ga mutum huɗu in akwai dankali da masara da ƙwai wadatattu.

Batun kai kuma ya danganta da inda kike. Kan jatan lande yana da mai da daɗi, amma shi ne ya fi saurin lalacewa, yana kuma sa tsokar ta yi laushi ta dagargaje idan ya jima. Ga shi yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin da kika biya. Wadda ke Legas, mai iya sammako zuwa kasuwar kifi ta Epe ta ga an sauke kaya daga kwalekwale, ta sayi mai kai. Wadda ke Kano ko Kaduna ko Zinder, marar kai ya fi mata kwanciyar hankali.

Wannan ne ya sa na fi yarda da daskararre a kan abin da ake tallatawa da sunan sabo. Tsakanin Legas da Kano akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Jatan landen da kika gani a baje kan ƙanƙara a arewa, mafi yawansa daga kwali aka fito da shi aka narkar, kuma ba ki san tun yaushe ba. Wanda aka daskarar jim kaɗan bayan kamawa, aka ajiye a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ya fi shi sabunta nesa ba kusa ba. Ki narkar da abinki da hannunki.

Ƙaguwa ita ce ta biyu, da sharaɗi ɗaya: ta zo da ranta. Ƙaguwar lagun ɗin Legas 'yar'uwar shuɗiyar ƙaguwar nan ce da mutanen Merilan ke alfahari da ita, namanta da zaƙi. Amma da zarar ta mutu ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa a jikinta cikin sauri. Ki taɓa ta ki ga ta motsa, ki ɗaga ki ji nauyi, domin marar nauyi ba ta jima da sake ɓawo ba, ruwa ne a cikinta. In mai rai ba za ta samu ba, sai wadda aka gyara aka daskarar. Lobsta, ƙaton ɗan'uwan jatan lande, na ɗaukar hoto ne, kuɗin guda ɗaya ya ciyar da mutane da dama da jatan lande. Crawfish irin na Luwiziyana kuwa da ransa ake sayensa a buhu, a lokacinsa na watannin Maris zuwa Mayu, kuma naman wutsiya kaɗai ake ci, wanda bai wuce kashi 15 cikin 100 na nauyinsa ba. Kada a ruɗe ki da busasshen kirefish na miyar agushi, wannan ƙananan jatan lande ne, ba shi da aiki a wannan tukunya. Masu ƙwanso biyu irin masel ba na sa su a abincin taro.

Ga mai tambaya ta fuskar addini, a mazhabar Malikiyya dukkan halittun teku halal ne, Hanafiyya ce ta taƙaita a kan kifi, don haka in kina da baƙo Bahanafe ki tambaye shi tun kafin ranar. Haka ma ki tambayi wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande ko ƙaguwa, domin wasu har numfashinsu kan toshe.

Yanzu ga inda yaudara take, kuma a nan na fi son ki natsu. Ta farko ƙanƙara ce. Kamfani na gaskiya yakan lulluɓe kowace ƙwaya da siririyar ƙanƙara don kada sanyi ya busar da ita. Macuta kuwa sai su yi ta tsomawa a ruwa suna mayarwa firiza har ƙanƙarar ta yi kauri, su auna miki ruwa a farashin jatan lande. An taɓa yi min haka ana gobe walimar saukar ƙanwata. Da kayan suka narke, abin da ya rage a kwando bai kai kashi biyu cikin uku na abin da na biya ba, kuma dare ya riga ya yi. Har yau in na tuna yadda na riƙa ƙirga ƙwayoyi don su isa baƙi, raina yana ɓaci. Kwali na kirki yana rubuta nauyin kayan ba tare da ƙanƙara ba, wannan lambar za ki nema. In a buɗe ake sayarwa, ki ce a ɗibi kaɗan a wanke a gabanki a sake aunawa. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Ki kuma duba sikelin ya koma sifili kafin a ɗora, kuma a cire nauyin roba.

Ta biyu sinadarin fosfet ne da ake jiƙa jatan lande a ciki don ya sha ruwa ya ƙara nauyi. Alamarsa ɗanyen ya yi ƙyalli da santsi fiye da kima, in an dafa ya ƙi yin fari sosai, wani lokaci har da ɗanɗanon sabulu. Ki karanta abin da aka lissafa a bayan leda. Wanda aka rubuta jatan lande kaɗai, ko da gishiri, shi ne naki. A wasu ƙasashen Asiya an sha kama masu ɗura wa manyan jatan lande wani abu mai kauri irin jeli da allura don ƙarin nauyi, saboda haka in kan ya kumbura fiye da jiki, ki ɓalle ɗaya ki duba ƙarƙashinsa.

Ta uku ita ta fi haɗari a wurinmu, saboda halin wutar lantarki: kayan da suka narke aka sake daskararwa. Ki matsa ledar. In ƙwayoyin a warwatse suke, da kyau. In sun dunƙule sun zama dutse ɗaya, ga garin ƙanƙara a ciki, ko kwalin ya yi tabon ruwa ya lanƙwashe, firizar ta taɓa mutuwa. Ki tambayi mai shago ko yana da janareta ko sola, kada ki ji kunya. Sannan ki shinshina. Ƙamshin ruwan gishiri ba laifi, amma wari mai hawa kai irin na fitsari alamar ruɓa ce, kuma babu yajin da zai gyara. Baƙi-baƙin ɗigo a ɓawo da yauƙi a hannu su ma sallama ce.

Akwai kuma sandunan nan ja da fari da ake cewa naman ƙaguwa. Niƙaƙƙen kifi ne da sitaci da kala, ana kiransa surimi, a ruwan zafi warwarewa yake yi. Masu sayarwa ta Instagram da WhatsApp kuwa, wasunsu manya suke jerawa a saman leda su cika ƙasa da ƙanana. Ki nemi bidiyon kayan a kan sikeli, kuma kada ki biya duka sai an kawo kin zazzage kin gani.

Yajin Amurka biyu ne suka yi suna a wannan girki. Old Bay, wanda Gustav Brunn ya haɗa a birnin Baltimo na Merilan a 1939, ƙarfinsa gishirin seleri ne da garin jan tattasai, ba shi da zafin da harshenmu ya saba. Zatarain's na New Orleans ya fi shi kaifi. Dukansu da tsada suke iso mana, kuma wanda aka ƙulla a leda ba tambari ba ki da tabbacin abin da ke ciki. Haɗin gida ya wadatar: barkono, garin tattasai, masoro, citta, ƙanumfari kaɗan, ganyen bay, tafarnuwa da yawa, lemun tsami a yanka biyu, gishiri. Miyar da za a kwarara a kai da bota ta gaske ake yi ko man shanu soyayye, majarin ba ya ba da wannan ƙamshin.

Ki kula da sosej. Na asalin girkin, andouille, da naman alade ake yinsa, kuma wasu na kaza ko na sa ma da hanjin alade ake naɗe su. Ki nemi tambarin halal, in babu ki sa dafaffen ƙwai da fukafukan kaza. Masara ɗanya mai ruwa za ki zaɓa, wadda in kin soka farce ta fitar da madara, dankali kuma ƙanana masu girma ɗaya, don su nuna tare a cikin minti 15 kafin masara ta shiga.

Ki tafi kasuwa da kular sanyi mai ƙanƙara a ciki, kayan teku su zama sayayyarki ta ƙarshe. Ana gobe taro ki sauko da su cikin firji su narke a hankali, ko ki tsoma ledar a ruwan sanyi da safe. In an juye a faranti kada ya wuce awa 2 a waje, a zafin bazara kuwa awa 1.