Tsakanin Salum da Banc d'Arguin, ku nufi Salum

Malam, daga cikin tafiye-tafiye biyun da masu shirya yawon buɗe ido suka tallata wa ayarinku, wato gandun Salum na Senegal da gandun Banc d'Arguin na Muritaniya, ku biya na Salum. Na bi ɗan jagora cikin ayari a duka biyun, na kuma kwana a tanti a kowannensu, kuma idan yau aka ce in sake fitar da kuɗi daga aljihuna, Salum zan koma ba tare da na nemi shawarar kowa ba.

A takardar talla sun yi kama da juna. Dukansu suna bakin Tekun Atlantika, dukansu an kafa su a 1976, kuma hukumar UNESCO ta sanya kowannensu cikin wuraren tarihi na duniya, Banc d'Arguin a 1989, Salum a 2011. Inda suka rabu shi ne girma, domin faɗin Banc d'Arguin ya kai murabba'in kilomita 12,000, shi kuwa gandun Salum hekta 76,000 ne, wato murabba'in kilomita 760. Mai talla zai nuna muku wannan girma a matsayin fifiko, amma ga mutanen da suka yi niyyar tafiya a ƙafa da kwana a waje, faɗin ƙasa wahala ce, tunda abin da ƙafa ke buƙata shi ne inuwa kusa, ruwan sha kusa, da abin kallo da ke sauyawa kafin gajiya ta kama mutum.

Salum wuri ne da rassan ruwa uku, Salum da Jombos da Banjala, suke haɗuwa da teku, suka yayyanka ƙasar zuwa tsibirai masu yawa waɗanda ƙananan hanyoyin ruwa da ake kira bolong suka ratsa tsakaninsu. Ruwan na gishiri ne har can cikin ƙasa, saboda ruwan sama bai isa ya tura tekun baya ba, shi ya sa ake noman gishiri a Kaulaha duk da nisanta da gaɓa. A bakin waɗannan hanyoyi itatuwan mangurob suke tsirowa, suna tsaye a kan saiwoyinsu cikin laka, kawa kuma, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake cin namanta, na manne a jikin saiwoyin. Da mutum ya ɗan hau tudu sai ya iske daji irin wanda idonmu ya saba da shi, da kuka da rimi da giginya, birai na tsalle, sawun mugun dawa a ƙasa. Wannan sauyi daga laka zuwa tudu, daga tudu zuwa rairayin gaɓa, cikin tafiyar safiya ɗaya ake samunsa, kuma shi ne dalilina na farko.

Tsarin yini a can ruwa ne yake yanka shi, ba agogo ba. Ruwan teku yana cikowa ya janye sau biyu tsakanin dare da rana, lokacin kuma yana jinkiri da kusan minti 50 kowace rana, saboda haka ɗan jagoran da ya san aikinsa yakan fitar da ku a ƙafa idan ruwa ya janye, ya sa ku a kwalekwale idan ya ciko. Mu mutanen Damagaram wannan lissafi baƙo ne a gare mu, don haka ba na ba ku shawarar ku je ku kaɗai da nufin rage kuɗi. Wurin da kuka taka busasshe da hantsi yana iya shanye mutum har ƙirji kafin la'asar.

Akwai kuma tarihi a ƙarƙashin ƙafa. An ƙidaya tsibin ɓawon kawa 218 a yankin, waɗanda mutane suka tara tsawon ƙarnoni bayan sun ci naman ko sun shanya shi don fatauci, kuma 28 daga cikinsu akwai kaburbura a kansu. Wanda aka fi kai baƙi daga Tubakuta, garin da ake tasowa daga cikinsa zuwa yankin, shi ne Jorom Bumag, tsibiri ne sukutum na ɓawo wanda manyan kukoki suka tsiro a kai. Mutum zai duƙa ya ɗebi abin da yake zaton ƙasa ce, ya ga fari fat a hannunsa. Ku nemi a sa shi cikin tsarinku, tare da ƙauyen Misira mai wani tsohon rimi, da yankin Bambung, inda ƙauyukan kewaye suka rufe hanyar ruwan ga masunta tun 2003 domin kifi ya samu wurin hayayyafa.

A ayarinmu akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta daga unguwar Birni, wanda bai taɓa sa ƙafarsa a jirgin ruwa ba. Tun da muka tashi daga Tubakuta ya riƙe gefen kwalekwalen da hannu biyu, bakinsa bai huta da salati ba, matasanmu kuma suna danne dariya saboda girmansa. Dab da magariba matuƙin ya kashe inji kusa da wani kurmin mangurob da tsuntsaye ke kwana, ya yi mana alama mu yi shiru. Sai ga su ayari ayari, zalɓe da balbela da kwasakwasa, suna sauka har rassan suka yi fari, muka waiga muka ga dattijon ya saki gefen jirgin yana nuni da hannu biyun nan. A ƙauyen da muka kafa tanti a gefensa, limamin ya ji daga Nijar muke, ya ce ya yi karatu a Madina Baye ta Kaulaha tare da almajirai Hausawa, ya sa aka shimfiɗa mana tabarmi a masallaci. Bayan isha'i matan gari, waɗanda su ne masu sana'ar tsince kawa, suka gasa mana ita a garwashi, aka kawo shinkafa da kifi a babban kwano, kuma da muka miƙa kuɗin kawar sai babbarsu ta ture hannun ɗan jagoranmu ta ce ba a sayar wa baƙon da ya zo daga nisa irin wannan. Can tsakar dare kura ta yi kuka daga tudu, dattijon ya ɗaga murya daga tantinsa ya ce ita kam ya san ta tun yana yaro, kowa ya koma barcinsa.

Banc d'Arguin kuwa, ba zan zalunce shi ba, wuri ne mai daraja a wajen masana tsuntsaye. Sama da tsuntsaye miliyan 2 suke saukowa can daga arewacin Turai da Saiberiya lokacin sanyi, kuma masuntan Imragen, waɗanda su kaɗai aka yarje wa kamun kifi a cikin gandun, har yanzu da jiragen filafilai suke aiki saboda an hana inji. Sai dai wanda ya taɓa bin hanyar Tanut zuwa Agadas ya riga ya ga rabin abin da za a nuna masa, domin hamada ce ta zo ta tsaya a bakin teku. Mafi yawan sa'o'in da na biya a cikin kat-kat na cinye su, babu itacen da za a fake a gindinsa, iska ba ta barin tanti ya zauna lafiya, ruwan sha kuma sai wanda aka ɗauko a mota. Tsuntsayen da aka zo dominsu suna can nesa a kan laka wajen tsibirin Tidra, sai an shiga jirgi daga ƙauyen Iwik, kuma sai iska da cikowar ruwa sun yarda, sa'an nan a kalle su ta madubin hangen nesa. Tudun Tafarit yana da kyau da yamma, wannan na yarda, amma bai kai a taso tun daga Damagaram dominsa ba.

Batun kuɗi ma ya karkata wajen Salum. Senegal sefa take ci irin tamu, saboda haka jikar da ke aljihunka a kasuwar Dole ita ce jika a Tubakuta, ba canji, ba asarar canji, kuma ka san ko an cuce ka tun kafin ka miƙa. Muritaniya ugiya take ci, kuma tun da aka sauya kuɗin a 2018, aka mayar da tsohuwar ugiya 10 sabuwa 1, mutane da yawa suna ci gaba da faɗin farashi da tsohon lissafi, wanda hakan ƙofa ce ga duk wanda ya so ya karɓi ninki goma daga hannun baƙo. Ga kuma shingayen jami'an tsaro a kan titin da ake bi zuwa gandun, wato na Nuwakshot zuwa Nuwadibu mai tsawon kusan kilomita 470. Nuwadibu sananniyar mashiga ce ta masu neman tsallakawa tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, don haka ayarin samari baƙar fata da jakunkuna a baya zai sha tambayoyi.

Kowanne kuka zaɓa, sai kun fara cinye kusan kilomita 900 zuwa Yamai, kuma ina ganin daga nan jirgin sama ya fi, ganin halin tsaro a hanyoyin da suka ratsa Burkina Faso da Mali. Daga filin jirgin Blaise Diagne na Dakar mota za ta kai ku Kaulaha, daga Kaulaha zuwa Tubakuta kuma kimanin kilomita 70 ne ta Sokon. Wannan yana nufin masu son ziyarar Shehu Ibrahim Inyass a Madina Baye ba sai sun yi wata tafiya daban ba, hanya ce ta bi ta ƙofar gida. Amma kada ku haɗa tafiyar da Mauludi, duk da na san wani zai kawo wannan shawara. A waɗannan shekaru Mauludi yana faɗowa tsakanin Agusta da Satumba, tsakiyar damina ke nan a can, lokacin da sauro ya fi yawa kuma tanti ba ya bushewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin zuwa, kuma hutun makarantu na ƙarshen Disamba ya dace da masu aikin koyarwa a cikinku.

Salum yana da nasa aibi. Ko da rani akwai sauro da ƙananan ƙwari masu cizo da magariba, raɓa tana jiƙa kaya kafin asuba, ɓawon kawa kuma yana yanka tafin ƙafa idan mutum ya shiga laka ba takalmi.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma zan faɗa: ku yi hattara da masu sayar da irin wannan tafiya ta waya. Hotunan da suke turowa kowa na iya kwaso su daga intanet, kuma da yawansu dillalai ne da ba su da jirgi ko tanti ko ɗan jagora, sai sun karɓi kafin alƙalami sa'an nan su fara neman wanda zai yi aikin da ragowar kuɗin. Yankin Salum ya fi gandun kansa faɗi nesa ba kusa ba, saboda haka mutum yana iya sauke ku a wani masauki ta arewacin yankin, ya zaga da ku a kwalekwale na rabin yini, ya ce alkawari ya cika, alhali ba ku taka gandun ba. Ku sa a rubuta muku sunan kowane wurin kwana, da sa'o'in tafiyar ƙafa a kowace rana, da ko kuɗin shiga gandun da man jirgi da ruwan sha da abinci suna ciki, domin kalmar “komai na ciki” takan narke da zarar an iso bakin ruwa. Ku tambayi mutum nawa ake sa wa a kwalekwale ɗaya, ku kuma ce sai kun ga rigar ceto ta kowa kafin ku shiga, tunda yawancinmu ba mu iya iyo ba. Kada ku biya fiye da wani kaso tun daga gida, sauran sai kun ga ɗan jagora da idonku, kuma ku nemi lambar wani ayari da ya riga ya bi su ku ji ta bakinsa. Wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa, araha ba ta ado, daga abincinku ko daga rigar ceton zai cire ribarsa. Shi kuwa wanda ya yi muku alkawarin jirgi mai inji zuwa wurin tsuntsaye a Banc d'Arguin, ko dai bai taɓa zuwa ba, ko kuma yana shirin karya dokar gandun da ku a ciki.

Don haka ku ɗauki tsarin da ya tashi daga Tubakuta ko Misira, mai ɗan jagora ɗan yankin, wanda zai kwanar da ku kusa da ƙauye maimakon tsibirin da ba kowa, saboda masallaci da ruwan daɗi. Tantin da za a ba ku, ku sa a kafa shi a gabanku tun rana ku duba ragarsa da zif ɗinsa, kuma kowa ya tafi da sangensa daga gida ko da an ce akwai. Ku riƙe katin rigakafin shawara tare da fasfo, ku ga likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro kafin tashi, kowa kuma ya sa tsohon takalmi mai rufe yatsu a jakarsa saboda laka, da leda mai kauri ta ɗaure waya da takardu idan an shiga jirgi.