Gargaɗi: hattara da masu tallan maganin amosanin gaɓɓai a intanet

Jama'a don Allah a karanta wannan a tura wa ƴan uwa, musamman wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida mai fama da ciwon gwiwa ko ƙugu ko yatsu. Akwai wasu ƴan damfara da suka cika Facebook da TikTok da guruf-guruf na WhatsApp suna tallan wani kafso wai na gargajiya ne zalla, ganye da saiwa kawai, wai cikin sati ɗaya zai raba mutum da amosanin gaɓɓai har abada. Za ka ga bidiyo an nuno tsohuwa da sanda, can kuma sai ga ta tana tafiya garau, gefe ga wani sanye da farar riga ana ce masa dokta, ba cikakken suna ba asibitin da yake aiki. Kana yin magana a kwament sai su ce ka zo inbos, kaya sun kusa ƙarewa, tura kuɗi yanzu.

Wasu daga ka tura kuɗin shi ke nan sun yi bulokin ɗinka. Waɗannan ma da sauƙi wallahi, kuɗi kawai ka rasa. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu aiko da kayan, domin maganin yana aiki, kuma aikin nasa shi ne tarkon. Kwalba ce mai hoton ganye, ba adireshin kamfani, ba lambar rajista, amma a ciki an cusa deksametason, wato sitiroyid mai ƙarfi da ke danne kumburi, da diklofenak, maganin rage ciwo. Ba zargi nake ba, a 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi mutane kan wani mai suna Artri King bayan an gwada an samu waɗannan magungunan a ɓoye ba a rubuta a jiki ba, kuma tun 2012 ta yi irin wannan gargaɗin kan wani mai suna Reumofan Plus. Suna ake canzawa, dabarar ɗaya ce.

Kwana biyu da fara sha ciwo ya lafa, mama ta miƙe tana shara, kowa yana murna. Bayan ƴan makonni fuska ta cika ta yi tulu-tulu, sai a ce ai ta murmure ne ta yi ƙiba, alhali kumburin sitiroyid ne. A lokacin suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na yin rauni, diklofenak kuma na cin ciki da ƙoda a hankali. Ranar da kwalba ta ƙare ciwo ya dawo, ka kira su su ce cutar ce ke fita, a ƙara kwalba biyu. Haka za su riƙe mutum.

Abin da ya fi muni, da yawa suna haɗawa da ibufurofen ko diklofenak na kemis saboda sun ɗauka wancan ganye ne, ka ga an ninka magani iri ɗaya ke nan ba a sani ba.

In ciwo ya dame ka, maganin da aka sani ya fi, ko da bai yi saurin wancan ba. Farasitamol ga babba kada ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma a duba maganin mura don sau da yawa akwai shi a ciki, yawansa na lalata hanta. Ibufurofen ba tare da likita ba kada ya wuce miligiram 1,200 a rana, a sha bayan an ci abinci, kuma mai olsa, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai hawan jini, mai ciki, da mai shan maganin tsinka jini kamar wafarin, duk su tambayi likita tukuna. Ni a ganina maganin ciwo na shafawa ya fi dacewa da tsofaffi in ciwon a gwiwa ko hannu yake, domin kaɗan ne ke shiga jini. Sannan a sani, duk waɗannan rage ciwo suke yi, ba sa warkar da gaɓar da ta zaizaye, wanda ya ce maka yana da na warkewa har abada a kwalba ƙarya yake. In gaɓɓai na kumbura da zafi suna sandarewa da safe na tsawon lokaci, a je asibiti, akwai irin da sai da maganin likita ake tare shi kafin ya karkatar da yatsu.

Wanda ya riga ya jima yana shan irin wannan kafson, don Allah kada ya daina lokaci ɗaya, yanke sitiroyid farat ɗaya na iya jefa mutum cikin haɗari. A ɗauki kwalbar a kai wa likita ya gani, shi zai tsara yadda za a rage a hankali. In kuwa an ga bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, ko ana aman jini, ko fitsari ya ragu ƙafafu sun kumbura, a tafi asibiti a ranar. Shafin da ya sayar kuma a yi masa rifot, a kai ƙara hukumar kula da magunguna tare da hoton kwalbar da shaidar tura kuɗin.