Zotero da sharar da take bari bayan an goge: inda ta kyauta da inda ta gaza

Ɗalibin da ya daɗe yana tara manazarta a manhajar Zotero don kundin digiri na biyu ko na uku, wata rana zai ga saƙon cewa ma'ajiyarsa ta intanet ta cika. Megabayit 300 ake bayarwa kyauta, daga nan sai dala 20 a shekara don gigabayit 2. Sai ya hau goge-goge, ya dawo ya tarar wurin yana nan a cike. Wannan ɓangare na manhajar muka sa a sikeli, bisa Zotero 7 da ta fito a 2024. Wajen kare mutum daga asarar aikinsa ta yi ƙoƙari ƙwarai. Wajen nuna masa inda sharar ta maƙale kuwa, da sauran aiki.

Ruɗanin farko daga maɓallin Delete yake. Idan ka danna shi kana cikin wani rukuni da ka ƙirƙira, cire takardar kawai zai yi daga rukunin, tana nan daram a babban rumbu, wato My Library. Wadda ba ta cikin wani rukuni kuma sai ta koma Unfiled Items ta yi zamanta, kuma mutane da yawa ba sa ko leƙa wurin. Sai an zaɓi Move Item to Trash take shiga kwandon shara. Nan ma ba ta tafi ba, kwana 30 take yi kafin manhajar ta kwashe ta da kanta, kuma duk tsawon lokacin fayil ɗinta na PDF yana cin wuri a ma'ajiyar intanet. Mai gaggawa ya danna ɓangaren dama na linzami a kan Trash, ya zaɓi Empty Trash, sannan ya bari ta daidaita da intanet. Wannan jinkiri na kwana 30 abin yabo ne, ya ceci kundaye da yawa.

Inda ake tafka babbar ɓarna shi ne wajen takardun da suka shigo sau biyu. Duplicate Items tana zaƙulo su ta hanyar kwatanta take da lambar shaida ta maƙala (DOI) ko ta littafi (ISBN). Kada ka goge ɗaya ka bar ɗaya. Kowace madogara da ka saka a Word ɗaure take da takamaiman shigar da ka ɗauko ta, ba da sunan littafin ba. Ka goge wannan shigar, madogarar za ta ci gaba da bayyana kamar lafiya lau, amma igiyarta ta tsinke: ka gyara shekara ko sunan marubuci a Zotero, gyaran ba zai iso babin ba. Idan kuma ka sake kafa hujja da ɗayar, littafi guda sai ya fito sau biyu a jerin manazarta, mai duba kundi kuwa ba zai ɗaga maka ƙafa ba. Maganin shi ne Merge, wanda yake haɗe su ya riƙe rukunansu da bayanan da ka rubuta da alaƙarsu da Word. Sharaɗinsa ɗaya, su zama nau'i guda. Idan ɗaya an shigar da ita a matsayin maƙalar mujalla, ɗayar shafin intanet, sai ka fara sauya nau'in ɗaya.

Fayilolin da Zotero take riƙe da kanta suna cikin foldar storage, kowanne a ƙaramar folda mai suna na haruffa da lambobi 8, kuma suna tafiya da zarar an zubar da kwandon. Kada a shiga can ana gogewa da hannu, don shigar za ta rage tana neman fayil ɗin da babu. Waɗanda aka jona daga wata folda ta daban kuwa, Zotero ba ta taɓa su ko an goge shigarsu. Dalilinta mai kyau ne, ba nata ba ne. Amma ba ta ba ka jerin waɗanda suka zama marayu, kuma a nan ta gaza a fili.

Sai rumbun bayanan manhajar kansa, wato fayil ɗin zotero.sqlite. Ba lallai ne girmansa ya ragu sosai bayan gogewa ba. A saitin manhajar babu maɓallin matse shi. Wanda ya matsu sai ya rufe Zotero gaba ɗaya, ya kwafe dukkan foldar Zotero zuwa wani faifai, ya tabbatar akwai sarari da ya kai ninki biyu na girman fayil ɗin, sannan ya ba da umarnin VACUUM ta manhaja irin DB Browser for SQLite. Bayan haka ya buɗe saiti, sashen Advanced, ya danna Check Database Integrity. Shawararmu ga yawancin masu amfani ita ce su bar shi. Masu manhajar sun yi gargaɗi kan taɓa rumbun kai tsaye, kuma girmansa ba ya cikin lissafin megabayit 300 ɗin, fayiloli kaɗai ake ƙirgawa.

Laƙabobin da take kwasowa da kanta daga shafukan mujallu kuwa, Delete Automatic Tags in This Library yana share su a danna ɗaya.

A yi hattara da maɓallin Purge Storage in My Library da ke shafin asusunka na zotero.org. Duk fayilolinka na intanet yake kwashewa, ba sharar kaɗai ba, don haka sai ka tabbatar kowane PDF ya sauka a kwamfutarka tukuna. Haka kuma daidaitawa da intanet ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce, abin da ka zubar a nan zai zube a duk na'urorinka. A rumbun haɗin gwiwa abin ya fi tsanani: gogewar mutum ɗaya tana shafar kowa, wurin kuma daga kason mai rumbun ake cira, saboda haka tun farko a taƙaita waɗanda ke da izinin gyara.