Faifan roba na koyon lissafin "bisa": abin da na gani bayan wata biyu

Yarinyata shekararta 8, tana aji uku, tunda aka fara musu lissafin ɗaya bisa biyu, ɗaya bisa huɗu ɗin nan kullum sai mun yi rigima wajen aikin gida. Ita fa a wajenta 1/8 ya fi 1/4 girma, wai ai takwas ta fi huɗu, na yi bayani na yi zane har bakina ya gaji, kallona kawai take yi. Shi ne na sayo mata saitin nan na roba, masu zagaye kamar faifai da aka yayyanka.

Guda 51 ne a ciki. Akwai cikakken faifai ɗaya, sai wanda aka raba biyu, uku, huɗu, biyar, shida, takwas, goma da sha biyu, kowanne da kalarsa. Na bakwai da na tara babu, su kan sai dai ka yanka da kanka.

Ranar farko ban ce mata komai ba, na miƙa mata 1/4 da 1/8 na ce ɗora wannan a kan wannan. Ta ɗora, ta yi shiru, ta lalubo wani 1/8 ɗin ta ƙara a gefe sai ga shi ya rufe cif. "Mama ashe sai biyu suke cika kwata ɗaya!" Wallahi abin da na yi sati uku ina fama da shi kenan. Daga nan ita da kanta ta gane cewa lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abin ne, in an raba da yawa dole kowane yanki ya ƙanƙance. Bayan kwana biyu ma har ta jera 1/6 guda uku a kan rabi tana ta murna wai ta yi wa rabi sabon suna.

Amma fa yana da matsalarsa. An buga lamba a jikin kowane yanki, sai yara su koma karanta lambar ko haddace kala maimakon su duba girman, dole na riƙa kife su in tambaye ta wannan nawa ne. Sannan komai zagaye ne, ranar da na ba ta doguwar takarda na ce cire min sulusi sai ta tsaya cak, ta yanka uku ɗin dai amma wani ya fi wani, sai da muka zauna muna ninke takarda kafin ta yarda cewa in yankan bai zo daidai ba to ba sulusi ba ne.

Ƙananan na 1/12 ɗin kuma masu ƙaramin yaro a gida ku yi hattara, zai iya sawa a baki. Namu ɗaya ya riga ya ɓata, kwali na yanka na cike gurbin, ita kuma ta ƙi yarda da shi wai kalarsa ba ɗaya ba.