Gudu da Sauyin Gudu: Tirela da Ɗan Kabu-kabu a Hanyar Jega

Ƙanena, ka tambaya a wannan zaure cewa ashe motar da ta fi gudu ba ita ce ta fi akselareshan (wato saurin sauyin gudu) ba, kuma ta yaya dutsen da aka jefa sama zai kasance da akselareshan a ƙololuwar tashinsa alhali ya tsaya cak. Tambayoyin biyu tushensu ɗaya, domin duka sun taso ne daga haɗa gudu da sauyin gudu a ƙwarya guda, kuma na ji daɗi da ka yi su tun kafin jarrabawa ta matso.

Ka ɗauki abubuwan hawa biyu a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega. Na farko tirela ce maƙare da buhunan shinkafa, tana tafiya kilomita 72 a awa a miƙaƙƙen titi, allurar gudunta ba ta hawa ba ta sauka. Na biyu ɗan kabu-kabu ne da ya tashi daga tsaye, cikin sakan 5 ya kai kilomita 36 a awa. Idan aka juya lissafin zuwa ma'aunin Fiziks, tirelar tana cin mita 20 kowane sakan, babur ɗin kuwa iyakarsa mita 10, saboda haka a fagen gudu tirelar ta ninka shi. Amma akselareshan ba ya tambayar nawa ake gudu, abin da yake tambaya shi ne nawa gudun ya sauya, kuma cikin wane lokaci. Gudun babur ɗin ya tashi daga sifili zuwa 10 cikin sakan 5, wato yana ƙaruwa da mita 2 a sakan, a kowane sakan, wanda ake rubutawa 2 m/s². Na tirelar bai sauya ko kaɗan ba, don haka akselareshan ɗinta sifili ne duk da ƙugin injinta.

Jikinka ma ya san wannan bambanci. Yaron motar da ke cikin tirelar zai iya riƙe kofin shayi a cike bai zube ba, amma fasinjan babur ɗin sai ya damƙe ƙarfen baya lokacin da aka ba shi wuta, domin jiki ba ya jin gudu, sauyinsa yake ji. A ganina duk ɗalibin da ya riƙe wannan ya fi wanda ya haddace ƙa'idoji goma bai san inda suka dosa ba.

Sauyin kuma iri uku ne, ba ƙari kaɗai ba. Taka birki sauyi ne, shi ya sa yake fitowa da alamar ragi idan ka ɗauki gaba a matsayin ɓangaren ƙari. Karya kwana ma sauyi ne, domin a Fiziks ana lissafa gudu tare da alƙiblarsa: motar da ke zagaya shataletale tana da akselareshan ko da allurarta ba ta motsa ba, tunda fuskar da ta dosa tana juyawa.

Yanzu ga dutsenka. Ƙasa tana jan duk abin da aka saki da kimanin 9.8 m/s², wanda takardun jarrabawa kan ce a ɗauka 10. Idan ka jefa shi sama da mita 20 a sakan, bayan sakan ɗaya saura 10, bayan sakan biyu ya koma sifili a tsayin mita 20, bayan na uku kuma yana saukowa da mita 10 a sakan. Dubi jerin da kyau: 20, 10, sifili, sannan 10 zuwa ƙasa. Kowane sakan ana zare 10, kuma ba a dakatar da zarewar ba don an iso sifili. Gudun ne ya ƙare a wannan ƙiftawar ido, jan ƙasa yana nan daram, kuma da a ce akselareshan ɗin ma ya zama sifili a can sama, da dutsen ya rataye a iska bai dawo ba.

Kada ka ji kunyar wannan ruɗani, domin masana sun shafe ƙarnuka a cikinsa. Galiliyo na Italiya ne ya gangarar da ƙwallaye a kan katako mai gangara, ya nuna a littafinsa na 1638 cewa nisan da abu mai faɗowa ke ci yana tafiya ne da lokaci sau kansa: ninka lokaci biyu, nisa ya ninka huɗu. Niyuton na Ingila kuma a 1687 ya bayyana cewa ƙarfi sauyin gudu yake haifarwa, ba gudun kansa ba. Za ka ce to me ya sa direban tirelar bai ɗage ƙafa daga totur ba? Saboda iska da gogayyar tayoyi da kwalta suna ja da baya, turin injin yana soke su daidai wa daida, ragowar ƙarfi sifili, akselareshan ma sifili.

Ka gwada wannan ka turo mana amsarka: tirelar nan ta hango shanu suna tsallaka titi, direba ya taka birki, ta tsaya cikin sakan 8. Nemo akselareshan ɗinta tare da alamarsa, sannan ka faɗa mana mita nawa ta ci kafin ta tsaya.