Nintedanib, maganin tabon huhu: wata tara Baba yana sha

Korona ta kama Baba a 2021, ya warke amma numfashi bai dawo daidai ba, daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya sau biyu yana haki. Aka yi hoton ƙirji likita ya ce tabo ne a huhu, kuma bai rubuta maganin nan take ba, cewa ya yi mu jira tunda da yawa tabon bayan korona yana lafawa da kansa. Na Baba ne ya ƙi, duk gwajin busa iska da aka yi don auna ƙarfin huhu sai lambar ta ƙara sauka, sannan aka ɗora shi a kai.

Bayanin likitan ya zauna min a kai gaskiya. Wai in huhu ya ji ciwo jiki na sakin wasu sinadarai masu kai saƙo, irin su PDGF da FGF da VEGF, su ne ke kiran ƙwayoyin da ke ɗinke rauni su zo aiki. To matsalar wani lokacin kiran ba ya tsayawa, kamar ka kira magini ya toshe maka tsaga a bango ya gama ba wanda ya ce masa ya isa, yana ta yaɓe yana ta yaɓe har ya toshe taga. Maganin nan kunnen maginin yake toshewa kar ya ji kiran. Yaɓen da aka riga aka yi kuwa yana nan, kar wani ya ce maka yana goge tabo, rage gudun lalacewar kawai yake, a gwajin da aka yi kafin Amurka ta amince da shi a 2014 ya rage gudun da kusan rabi.

Sau biyu ake sha a rana, 150mg, tsakani awa 12, kuma dole da abinci. Mu na Indiya muke saya don na asalin, mai suna Ofev, aljihunmu ba zai ɗauka ba, shi ma na Indiyan wlh duk wata sai mun yi karo-karo ni da yayyena.

Sai gudawa. Kai! Sati ukun farko Baba ya ce shi ya haƙura da maganin, ya rame, ko ƙanshin miya ba ya so, sai da aka mayar da shi 100mg aka haɗa masa da loperamide, maganin tsayar da gudawa, sannan ciki ya ɗan lafa. Ana duba hanta a kai a kai, mai ciki ba ta sha sam, mai shan maganin tsinka jini kuma ya faɗa wa likita tun farko saboda zubar jini.

Gwaji biyun ƙarshe lambar kusan tana nan inda take Alhamdulillah, tarin dai bai tafi ba. Ni tauraro huɗu na ba shi, Baba ya ce uku, wai ba ni nake zaryar banɗaki ba.