Aikin sa kai a makarantar ƙauye gefen Savelugu, Gana: tauraro uku

Masu ta tambayata a inbox ko tsarin nan na zuwa koyarwa kyauta a Gana ya ci kuɗinsa, ga amsa a dunƙule don na gaji da maimaici. Ƙungiyar ba zan kama sunanta ba, tsarinsu dai kai za ka biya kuɗin masauki da abinci su kuma su haɗa ka da makarantar gwamnati, ni wata firamare mai haɗe da JHS, wato ƙaramar sakandare, suka tura ni, a ƙauye gefen Savelugu arewa da Tamale.

Shiga ba wahala, da fasfon ECOWAS ba ruwanka da biza har kwana 90, katin rigakafin shawara ne kawai kar ka kuskura ka baro shi gida. Masauki kam sun kyauta, gidan wata Hajiya aka sauke ni, safe koko da ƙosai ko waakye (shinkafa da wake), dare tuwo da miyar ayoyo, ko kaɗan ban yi kewar tukunyar gida ba.

Abin da ba su faɗa maka shi ne maganar yare. Hausa za ta fishshe ka a kasuwar Aboabo cikin Tamale amma yaran ƙauye Dagbani suke ji, kuma ƙananan azuzuwa da harshen gida ake tafiyar da su, to kai da iyakarka dasiba da naa, wato gaisuwar safe da amsarta, me za ka tsinana wa ɗan aji ɗaya? Sai da hedimasta ya maida ni JHS 3 ina musu lissafi saboda jarrabawar BECE ta kammala JHS sannan na ji ina da amfani. Benci na mutum biyu yara huɗu ne a kai, 'yan ƙananan kuwa rub da ciki suke a siminti suna rubutu. An canza manhajar firamare tun 2019 amma littattafan sun daɗe ba su iso ba, malami ɗaya na gani yana kwafe darasi daga wayarsa zuwa allo kullum, wallahi mutumin nan ya fi mu duka sadaukarwa kuma ba wanda ke ɗaukarsa hoto. Ran da mai dafa abincin makaranta ba ta ɗora tukunya ba, bayan tara rabin ajin ya watse. 'Yan mata biyu cikin masu ƙoƙarina kuma kafin zangon ya ƙare sun tafi Kumasi dako, kayayei suke ce musu.

Inda suka rasa tauraro biyu wurina shi ne masu zuwan sati biyu, a ba su fenti su shafe bango su yi hoto da yara su kama gabansu, alhali hedimasta benci yake roƙo ba fenti ba, kafinta ma yana nan cikin garin. Na nemi a nuna min nawa ke shiga makaranta daga kuɗin da muka biya, aka yi ta min hanya-hanya har na dawo.

In za ka je ka ɗauki zangon karatu guda cur, ka ce tun daga gida JHS kake so, kuma kafin ka tura ko sidi ɗaya (kuɗin Gana) su ba ka lissafin kuɗin a rubuce da lambar hedimastan ka kira shi da kanka.